Yadda maganaɗisu ke shiga kayan aikin hannu, da yadda ake raba su da shi

Mai gyaran kwamfuta da mai gyaran agogo duk da sukundireba suke neman abinci, amma abin da ɗaya ke so a jikinta shi ne abin da ɗayan ke gudu. Na farko yana so bakinta ya riƙe ɗan ƙaramin noti har ya kai shi lungun da yatsa ba ya shiga. Na biyu kuwa, da zarar ya ga bakin tasa ya ɗauko ko da ƙwaya ɗaya ta garin ƙarfe, sai ya dakatar da aiki har ya raba ta da wannan hali. Dukansu suna da gaskiya. Maganaɗisu a jikin kayan aiki ba inganci ba ne, ba kuma aibi ba ne. Yanayi ne da ƙarfe ke shiga ya fita, kuma shigar tana da sauƙi ƙwarai, fitar ce ke buƙatar sani.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, in an goga mayen ƙarfe a jikin sukundireba, babu abin da ya fita daga wannan ya shiga waccan. Mayen ƙarfen bai ragu ba, sukundirebar ba ta ƙara nauyi ba. Ƙarfin jan yana nan cikinta tun ranar da aka ƙera ta. Cikin kowane ƙarfe mai jin maganaɗisu akwai ƙananan yankuna, waɗanda ido ba ya gani, kowannensu kuma cikakken maganaɗisu ne mai kai biyu, na arewa da na kudu. Masanin Faransa Pierre Weiss ne ya kawo wannan bayani a 1907. A ƙarfen da ba ya jan komai, yankunan nan kowa inda ya sa gaba, kamar mutane ɗari da suka riƙe igiyoyi da aka ɗaure a turke ɗaya, kowa na ja ta nasa ɓangaren: ƙarfi ana kashe shi, amma turke ko motsi. Da maganaɗisu mai ƙarfi ya matso, yankunan da ke fuskantar inda yake nunawa sai su faɗaɗa, su cinye maƙwabtansu, wasu kuma su juya gaba ɗaya. Jan ya koma hanya guda, sai ga noti ya maƙale. Wannan juyi ba a hankali yake tafiya ba, tsalle-tsalle yake yi. A 1919 Bajamushe Heinrich Barkhausen ya naɗa waya a kan ƙarfe, ya haɗa da na'urar ƙara sauti, ya ji ƙas-ƙas ɗin wannan tsalle da kunnensa yayin da ake matso da maganaɗisu.

To me ya sa ƙusa ke sakin abin da ta kama da zarar an janye mayen ƙarfe, sukundireba kuwa ta riƙe wata da watanni? Tauri ne. Ƙusa da waya ta ɗaure kaya ƙarfe ne mai laushi, yankunansu na juyawa cikin sauƙi, suna kuma komawa cikin sauƙi. Sukundireba, magagari, kurfi, almakashi, bakin injin huda, duk an ƙona su an tsoma a mai ko ruwa don su yi tauri. Wannan aiki yana barin cikin ƙarfen cike da ƙananan ƙulle-ƙulle da taurarar ƙwayoyi, waɗanda ke tokare iyakokin yankunan. Sai an matsa kafin su juya, in sun juya kuma sai an matsa kafin su dawo. Wato taurin da ke hana bakin sukundireba lanƙwasa shi ne dai ke sa ta riƙe maganaɗisu. Kafin a ƙirƙiro maganaɗisun zamani ma, da irin wannan tauraren ƙarfe ake yin allurar kamfas.

Siffa ma na da nata. Dogo siriri ya fi gajere mai kauri karɓa da riƙewa, domin a gajeren abu kan arewa da na kudu suna kusa da juna, kowane na rage ƙarfin ɗan'uwansa ta cikin ƙarfen. Shi ya sa doguwar sukundireba ke kamawa nan take, amma gajeren bakin nan da ake sa wa injin ɗaure noti ko an goga an goga sai ya riƙe noti da kyar. Masu ƙera kaya sun san haka, sai suka sa ainihin maganaɗisu a cikin mariƙin bakin, suka huta.

Sanya wa kayan aiki maganaɗisu ba ya cin minti ɗaya. A samu mayen ƙarfe mai ƙarfi, irin na neodiyam da ya fito kasuwa bayan kamfanonin Sumitomo na Japan da General Motors na Amurka sun sanar da shi a farkon shekarun 1980, wanda yanzu ake samu cikin tsohon faifan ajiya na kwamfuta da ƙananan lasifikoki. A ɗora kai ɗaya a jikin sandar kusa da ƙota, a ja zuwa baki, a ɗaga shi sama nesa da ita, a dawo wajen ƙota a sake. Ɗagawar nan ita ce mutane ke tsallakewa. Inda mayen ƙarfe ya bar jikin sanda, nan ne kai ke zama, don haka mai gogawa gaba da baya yana warware abin da ya ƙulla ne a kowane zuwa. Da maganaɗisu mai ƙarfi ja kaɗan ya isa. Akwai iyakar da in yankunan duk sun jeru babu sauran abin ƙarawa, ko an kwana ana gogawa.

Hanya ta biyu ta wutar lantarki ce, kuma tsohuwa ce. A 1820 Hans Christian Oersted na Denmak ya ga waya mai ɗauke da wuta ta karkatar da allurar kamfas, a shekarar ce kuma François Arago ya nuna cewa ana mayar da allurar ƙarfe maganaɗisu da wutar lantarki. A naɗa waya mai riga a kan sandar, zagaye da yawa, duk ta fuska ɗaya, a taɓa bakin wayar a kan batir na ɗan ƙiftawar ido. Yawan zagaye da yawan wutar da ta bi su ne ke yin aikin, ba daɗewa ba. Ni dai ba na sha'awar wannan hanya da batirin mota. Gajeriyar waya a tsakanin kawunansa biyu na iya jan ɗaruruwan amfiya, ta yi ja, ta narkar da rigarta a hannun mutum, ga kuma tartsatsi kusa da batirin da ke fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta. Duk wannan don a ɗauki noti ɗaya? Hanyar da ta fi kowace hankali a ganina ita ce a manna ɗan ƙaramin neodiyam a jikin sandar, kusa da baki, a yi aiki, a cire. Jan ya fi na gogawa ƙarfi, abin da ya rage bayan an cire kuma kaɗan ne.

Wani lokaci a yi duk wannan noti ya ƙi kamuwa, mutum ya ɗora wa sukundireba laifi. A duba notin. Tagulla, jan ƙarfe, alminiyam da titaniyam ba ruwansu da maganaɗisu. Ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa iri-iri ne: samfurin 304 da 316, waɗanda aka fi yin noti da su, kusan ba sa kamuwa, amma 410 da 420 da ake yin wuƙaƙe da almakashi suna kamuwa sosai. Ga notin da ba ya jin maganaɗisu sai ɗigon giris a bakin sukundireba, ko irin sukundirebar nan mai ɗan matsi a baki.

Mafi yawan kayan aikin da ke da maganaɗisu ba wanda ya sa musu da gangan. Sun kwana a kan maratayin bango mai maganaɗisu, ko cikin kwanon da ke riƙe noti, ko kusa da lasifika ko injin lantarki. Wasu sun jingina da wayar walda mai wutar DC, wato wutar da ke bin fuska ɗaya, tana aiki. Wasu an wasa su a kan teburin injin da maganaɗisu ke riƙe wa kaya. Har ita kanta duniya na da hannu, ko da yake ƙarfinta ɗan kaɗan ne, tsakanin kashi 25 zuwa 65 cikin ɗari na gaus ɗaya (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) gwargwadon wuri, alhali a fuskar neodiyam ana samun dubbai. Amma in ana dukan ƙarfe ko yana girgiza, yankunansa na samun damar motsi, sai su bi wannan ɗan ƙarfin. Likitan Ingila William Gilbert ya rubuta a 1600 cewa sandar ƙarfe da maƙeri ya bubbuga tana miƙe arewa da kudu takan zama maganaɗisu. Kurfin da ya sha guduma shekara da shekaru, kar a yi mamaki in ya fara tattara gari a baki.

A nan ne ɓarnar take. Magagari mai maganaɗisu ba ya sakin garin da ya kankaro, garin ya cika haƙoransa, ya daina ci, ya koma zana layi a fuskar aikin da ake so ya yi sumul. Bakin huda da na yanka zare sukan riƙe ɓurɓushi a inda ya kamata ya fita, su sake niƙa shi, su dakushe da wuri. Ma'aunin kauri kuwa shi ne abin tsoro, domin ba ya nuna alama: ƙwayar gari ɗaya a tsakanin muƙamuƙansa ta isa ta ƙara wa awo abin da zai sa a yanke hukunci a kan kuskure, alhali ana auna kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Filaya ko sufana mai maganaɗisu na iya kai gari cikin boris ko cikin injin da aka buɗe, inda zai yi ta ci a hankali. Ga mai agogo, hantsaki mai maganaɗisu yakan ƙi sakin ɗan notin da aka ɗauko da shi, in kuma ya shafi siririn sifirin da ke daidaita tafiyar agogo, zagayensa su manne da juna, sifirin ya zama kamar an gajarta shi, agogo ya riƙa gudu. Mai walda ya san nasa: ƙarfe mai maganaɗisu yana kaɗa harshen wutar gefe, ɗinki ya fito da ramuka, kuma komawa wutar AC, mai kai-komo, na cikin dabarun rage wannan.

Sai batun kwamfuta, inda tsoro ya fi haɗari yawa. Tsoron gado ne daga zamanin faifan fulofi da kaset da talabijin mai ƙeya, waɗanda maganaɗisu ke ɓatawa da gaske. Ma'ajiyar SSD da filas da katin waya duk da cajin lantarki suke ajiye bayani, sukundireba mai jan noti ba ta yi musu komai. Faifan ajiya mai juyawa ma, a cikin cikinsa akwai neodiyam da ya fi kowace sukundireba ƙarfi nesa ba kusa ba. Notin da ya suɓuce ya faɗa kan allon kwamfuta ya fi zama barazana. Abin da ke buƙatar nisa shi ne katin banki mai baƙin layi, kamfas, agogon hannu, da na'urar daidaita bugun zuciya da ake dasa wa mutum a ƙirji. Wannan ta ƙarshe ba daga sukundireba ba, daga shi kansa mayen ƙarfen da kuma na'urar cire maganaɗisu.

Cirewa na nufin a mayar da yankunan nan cikin rashin jituwarsu ta asali, kuma hanyoyin uku ne, biyu daga ciki ba su dace da kayan aiki ba. Ta farko zafi. Kowane ƙarfe mai maganaɗisu yana da matakin zafin da in ya kai, jerin ya watse gaba ɗaya. Ana kiran matakin da sunan Pierre Curie, wanda ya yi nazarinsa a 1895, kuma ga baƙin ƙarfe digiri 770 ne a ma'aunin Selshiyos, lokacin ya yi ja. Masu ƙera wuƙa ma da wannan suke gane ƙarfe ya kusa isa tsomawa: su kai masa mayen ƙarfe, in ya ƙi kamawa to an zo wurin. Sai dai magagari da kurfi sukan fara rasa tauri da sun haura digiri 200 da wani abu, bakin huda mai jure gudu ma bai wuce wajen 600 ba. Kafin a kai 770 an kashe kayan aikin, an samu ƙarfe mai laushi da ba ya jan gari, ba ya kuma yanka komai. Ta biyu duka. A miƙe abin gabas da yamma, don kada ƙarfin duniya ya bi tsawonsa, a bubbuga. Yana ragewa a ƙarfe mai laushi, a tauraren ƙarfe kuwa kaɗan yake yi, kuma magagari in ya sha guduma fashewa yake yi, ɓarɓashi ya tashi zuwa ido.

Ta uku ita ce ta gaskiya. A sa ƙarfen cikin ƙarfin maganaɗisu mai juya fuska, yanzu arewa, yanzu kudu, sannan a riƙa rage ƙarfin sannu a hankali har ya ƙare. Juyin farko mai ƙarfi ne, yana kaɗa dukkan yankunan, masu taurin kai da masu sauƙi. Na gaba ya ɗan gaza, sai mafi taurin kai su tsaya inda aka bar su, sauran su juya. Na bayansa ya ƙara gazawa, wasu kuma su tsaya, amma suna fuskantar ɗaya ɓangaren. Haka za a yi ta barin rukuni-rukuni, wannan arewa wancan kudu, har a ƙare da kusan rabi da rabi, jan ya mutu. Wutar gida ta dace da wannan aiki kamar don shi aka yi ta, domin tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa a yawancin duniya, sau 60 a Amurka da wasu ƙasashe. Na'urar cire maganaɗisu ba komai ba ce illa kwayil, wato naɗaɗɗiyar waya, da wannan wuta ke bi. Juyawar daga wuta take zuwa, ragewar kuwa daga hannun mai aiki: a kunna, a sa kayan a ciki ko a kan farantin, a ja shi a hankali, a ci gaba da ja har ya yi nisan kamar mita ɗaya, sannan a kashe.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a saki maɓalli kayan na ciki. Wuta ta yanke a tsakiyar juyi, yankunan su daskare a fuskar ƙarshe, kayan ya fito da maganaɗisu, wani lokaci fiye da yadda ya shiga. Na'urar ba ta lalace ba, tsarin ne aka juya, kuma wasu da gangan suke yin haka in suna son sanyawa. Ƙananan na'urorin nan kuma na daƙiƙoƙi ne, in an bar su a kunne sai su ɗau zafi. Agogo mai batir da allura kada ya kusanci wurin, domin ɗan injin da ke tura allurarsa da maganaɗisu yake aiki.

Wanda ba shi da na'urar, in yana da bindigar narka dalma mai taransifoma, irin mai baki kamar lanƙwasasshiyar waya, ya riga ya mallaki kwayil mai zagaye ɗaya da wuta mai yawa ke bi. A danna, a zura sukundireba ta cikin madaukin ba tare da ta taɓa bakin mai zafi ba, a janye a hankali, a yi nisa, a saki. Wasu kan manna maganaɗisu a abin da injin huda ke juyawa, su matso da kayan su janye, wanda ka'ida ɗaya ce, in dai an ɗaure maganaɗisun yadda ba zai fizge ya tashi ba. Ɗan akwatin roba mai rami biyu da ake sayarwa don wannan aiki, ɗaya da alamar tarawa ɗaya da alamar ɗebewa, yana sanyawa da kyau. Wajen cirewa kuwa ragewa kawai yake yi. Maganaɗisu ne zaunanne a cikinsa, ramin ɗebewar na tura ƙarfen ta wata fuska dabam, matattakalar da ke ciki kuma don a riƙa nisanta bakin mataki-mataki ne. Ya isa ga mai son sukundireba ta daina jan noti, bai isa ga mai agogo ba.

Kauri ma na da iyaka. Wuta mai kai-komo sau 50 ba ta ratsa ƙarfe da nisa, 'yan milimitoci ne daga fata. Ga hantsaki da sukundireba wannan ya wadatar, amma guduma ko babban ƙarfen inji sai fatar ta tsarkaka, ciki na nan da nasa, bayan ɗan lokaci ya sake bayyana. A masana'antu shi ya sa ake amfani da wutar DC da ake juya wa fuska a hankali ana rage ta, kuma bayan gwajin neman tsaga da garin ƙarfe, gaus 3 ne iyakar da aka saba yarda a bari a jikin kaya. Irin wannan aiki an yi wa jiragen ruwa sukutum a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Jamus ta zuba nakiyoyi masu tashi in sun ji maganaɗisun jirgi.

Gwaji da ƙaramar allura ko ƙarfen maƙale takarda yana nuna ko akwai ja, in dai ita allurar ba ta riga ta kamu ba, wanda kuwa sau da yawa ta kamu. Kamfas ya fi gaskiya, amma sai an san yadda ake karanta shi. Baƙin ƙarfe, mai maganaɗisu da marar shi, yana jan allurar kamfas, don haka motsinta ba shaida ba ce. Shaida ita ce turewa. A kai bakin sukundireba kusa da kan arewa na allurar, sannan kusa da kan kudu, daga ɗan nesa. In ya jawo duka biyun, ba ta da komai. In ya jawo ɗaya ya kore ɗaya, da saura. Wayoyin zamani da yawa suna da ma'aunin maganaɗisu a ciki don kamfas ɗinsu, akwai kuma manhajojin da ke nuna adadin, wanda ya isa a kwatanta kafin da bayan.

Akwai wuraren da cirewa ba ta wadatar, domin matsalar ba maganaɗisun kayan ba ce, kasancewarsa ƙarfe ce. Na'urar ɗaukar hoton jiki ta MRI tana aiki da tesla 1.5 ko 3, wato gaus 15,000 ko 30,000, kuma maganaɗisunta a kunne yake dare da rana ko ba a ɗaukar hoto. Sufana ta ƙarfe, ko an tsarkake ta sau goma, fizge ta zai yi daga hannu. A can da kayan titaniyam ko na jan ƙarfe da aka gauraya da beriliyam ake aiki. Mai saita ƙaramin kwayil a cikin rediyo shi ma da sukundirebar roba ko ta tangaram yake juya shi, domin ta ƙarfe tana canja awon muddin tana ciki, da ya zare ta kuma saitin ya gudu.